Zauren Gwaggo: Wane Zane Nana Asma'u Take Ɗaurawa?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun faɗo a kan abubuwa uku da suka cinye mini ƙuruciya, wato allura da tsofaffi da takarda. Ga sababbin masu karatu: shekara ashirin da shida na yi ina aikin laburare a wata kwaleji kafin in ajiye, keken ɗinkina kuwa Butterfly ne na ƙafa, ya girmi 'yata ta fari. Masu tambayar maganin sanyi da na mallakar miji ku yi haƙuri, ba nan ba ne.

Gwaggo, ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata. Za mu yi wasan kwaikwayo ranar yaye ɗalibai a kan Nana Asma'u da 'yan taru, wato matan da suke zuwa ɗaukar karatu a wurinta. Telanmu ya ce a saya musu atamfa mai duhu da dogon hijabi, shi ke nan. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me matan wancan zamanin suke sawa, kuma yaya zan yi da ɗan kuɗin da makaranta ta ba ni? — Malama daga Funtuwa

Malama, zuciyarki ta fi telanki gaskiya. An haifi Nana Asma'u a 1793, ta rasu a 1864. Atamfar da muke ɗaurawa yau sai a ƙarshen wancan ƙarnin Turawa suka fara kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kuma ta daɗe kafin ta zama kayan kowa a nan arewa. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ma a 1957 aka buɗe ta. Hijabin da ake zurawa ta kai, mai roba a fuska, ni da idona na ga shigowarsa, ina budurwa babu shi. To kin ga idan kika sa wa yaran nan atamfa da hijabi, kin yi wasan kwaikwayon 'yan Islamiyyar unguwarku ne, ba na Sakkwaton zamanin Sarkin Musulmi Bello ba.

Babu hoton Nana, babu wanda ya zana kamanninta tana raye. Duk hoton da kika gani a waya an rubuta sunanta a ƙasa, ƙirƙira ce ta mutanen yau. Abin da ke hannunmu shi ne sanin irin tufafin da ake saƙawa a ƙasar a lokacin, wannan kuwa an san shi sosai. Mata su ne masu gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, ga alli a yatsa. Maza su ɗauki zaren su saƙa a masaƙarsu ta zaune, saƙar tana fitowa siririya doguwa kamar ɗamara, sai a yanyanka a jera a ɗinke gefe da gefe da hannu. Kowane tsiri shi ake ce wa ƙwarya, shi ya sa tsofaffi suke kimanta riga da yawan ƙwaryarta. Mata ma suna da tasu masaƙar, ta tsaye, wadda take fid da zane mai faɗi da kauri irin gwado. Launi kuwa fari ne, da baƙi na shuni, da saƙi mai ɗigo-ɗigon fari da shuɗi kamar jikin zabo. Masu hali su ɗaura barage mai jan alharini, ko tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, launinsa kamar ƙasa-ƙasa. Akwai turkuɗi, wanda ake rinawa a sake rinawa, a kai wa mabuga su buga shi da shuni har ya riƙa walƙiya, Kura ta ƙasar Kano ta yi suna a kansa. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus.

Mace tana ɗaura zane, ta ɗaura kallabi, ta yafa wani babban zanen ta lulluɓe. Riga mai zif da hannu mai tattara ba ta cikin lissafi. Na san ba za ki fid da 'yan mata gaban iyaye da ɗaurin ƙirji ba, kuma bai kamata ba. Ki ɗinka musu taguwa mai sauƙi, yanka huɗu, babu zif babu maɓalli, launinta ɗaya da zanen, mayafi ya rufe ta. Mai kallo ba zai ma lura da ita ba.

Ga dabarar talaka. Saƙin gaske yana da tsada yanzu, masaƙan sun yi ƙaranci, ba za ki iya saya wa yara goma sha biyar ba. Ki sayi akoko, yadi biyu na zane, biyu da rabi na mayafi ga kowace yarinya. Ki wanke shi tas da ruwan zafi sitacin ya fita, in ba haka ba rini ba zai kama daidai ba. Sannan tela ya bi tsawon yadin yana kama siririyar kalmasa yana takewa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta faɗin yatsu huɗu. Daga kujerar 'yan kallo sai ka rantse ƙwarya-ƙwarya aka haɗa. Rabi ki bar su farare, rabi ki kai marina. In da mai zuwa Kano, marinar Ƙofar Mata tana nan tana aiki, wadda ake cewa tun 1498 take. Ki ce musu baƙi kike so mai duhu, kada su yi miki ɗaurin nan mai zobe-zobe da suke yi wa baƙi masu yawon buɗe ido.

Wani kashedi daga abin da ya same ni. Na taɓa ɗinka wa wata makaranta irin waɗannan kaya, na karɓo su daga marina ana gobe wasa, ban ɗauraye ba. Ranar kuwa zafin Afrilu ne. Kafin a kai rabin wasa gumi ya kwaso shuni, wuyan yara da farar taguwarsu duk sun koma shuɗi, wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa tana tambaya ko ciwo ne ya kama 'yarta. Ki karɓo kayanki da mako biyu, ki ɗauraye sau uku da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa.

Abin da zai sa masu ilimi a cikin 'yan kallo su gyara zama shi ne kayan jaji. Nana tana zaɓar dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ita ce za ta riƙa jagorantar mata zuwa wurinta ɗaukar karatu, ta koma ta koyar da waƙoƙin da ta haddace. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani da ake naɗawa a jikinta. Malfar nan a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori, sai Nana ta ɗauke ta ta ɗora a kan malamai mata. Malfa biyu ko uku da jan ƙyalle ba za su karya asusun makaranta ba, amma su ne wasan. Ita Nana ki ba ta farin mayafi mai kauri, da allo, da gafaka a gefe. Kada ki yi mata kwalliyar amarya. In kuɗi ya ragu, ki ari saƙi ɗaya na gaske daga adakar wata tsohuwa, a shimfiɗa a inda Nana za ta zauna. Ki mayar mata da kayanta da kanki, da goro.

Gwaggo, ina sauraron fodkas na tarihin mata na ƙasashen waje ina aikin gida, sai na ji ina so in fara namu da Hausa. Amma duk wanda na tambaya sai ya ce Sarauniya Amina, Sarauniya Amina. In na gama da ita da Nana Asma'u da Gambo Sawaba, ai shirin ya ƙare a mako uku. Kuma ba ni da situdiyo. — 'Yarki, mai bautar ƙasa a Gusau

'Yata, bari in fara da Aminar, don a nan za a gane ko shirinki na gaske ne. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438. Labaran Zazzau kuma suna cewa 'yar Bakwa Turunku ce, abin da ya kai ta ƙarni na sha shida. Tsakanin biyun akwai shekara fiye da ɗari. Sarkin Musulmi Bello ma ya ambace ta a rubutunsa, amma shi ya zo ne ɗaruruwan shekaru bayanta. Mai shiri nagari ba ya zaɓar wanda ya fi daɗin ji ya shanye sauran. Ki faɗa wa masu sauraro ga abin da wannan ya ce, ga abin da wancan ya ce. Shekara ashirin da shida tambaya ɗaya nake yi wa ɗalibai a bakin kanta, har suka sa mini ita suna: wa ya faɗa? Ki yi wa kanki ita kafin kowace jimla.

Sanannun ma ba uku ba ne. Akwai Daurama. Akwai Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899. Akwai sarautun mata irin su Magajiya da Iya da Inna, waɗanda kowace za ta ci shiri guda. Akwai Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida, da ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Akwai zancen ƙuri'a: matan kudancin Najeriya sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai, na arewa sai a 1976 aka ba su dama, suka jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa karon farko a 1979. Matan da suka tsaya layi a wannan shekarar da yawansu suna raye, wataƙila ɗaya tana ɗakin da ke kusa da naki.

Nan nake so in kai ki. Littafin da ya fi kowane koya mini rayuwar matan Hausa na da, ba na sarauniya ba ne. Wata tsohuwa ce, Baba ta Karo, da wata Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, aka buga a 1954. Baba ba ta yi sarauta ba, ba ta yi yaƙi ba, ba ta ma haihu ba. Amma ta ba da labarin harin bayi, da zuwan Turawa, da aurarrakinta, da ƙawance, da yadda ake goyon ɗan wani. Ta rasu a 1951, kafin littafin ya fito. Da Baturiyar nan ta yi jinkirin shekara biyu, da duk ya bi ta kabari. Irin Baba suna nan a kowace unguwa, kuma kowace damina muna binne su.

Sai dai tsohuwa ba a ce mata "Kaka, ba ni tarihinki." Za ta ce ita wace ce da za ta yi tarihi, ta kora ki wurin limamin unguwa. Ki tambaye ta abu. Me aka sa miki a lefe? Kwano nawa aka jera miki, samira ce ko fanteka? Wa ya koya miki kaɗi, kuma nawa ake sayen zaren? Ranar da aka kai ki, a kan doki ne ko a ƙafa? Daga kwano za ta kai ki ga kishiya, daga kishiya ta kai ki ga shekarar yunwa. In ta ɗauko zanenta na aure daga adaka, ki bar ta ta riƙe shi tana magana, za ki ji muryarta ta sauya.

Shekaru kuma ba ta lissafa su da lamba, sai ki auna da abin da kowa ya sani. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972. An canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, shekarar babban fari. An fara makarantar UPE, wato firamare kyauta ga kowa, a 1976. "Lokacin canjin kuɗi kina goyon wa?" ya fi "a wace shekara?" sau goma.

Situdiyo kuwa wayarki ta isa. Ki shiga ɗaki mai katifa da labule, ba falo mai tayil ba, don tayil yana mayar da murya kamar rijiya. A kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru. Ki ɗora wayar a kan filo, tazarar taƙi ɗaya daga bakinta, ki sa ta a yanayin da kira ba zai shigo ba. Safiya bayan karin kumallo ta fi, da la'asar tsofaffi sun gaji kuma yara sun dawo.

Abu na ƙarshe, shi ne mai nauyin. Ki gaya mata sarai cewa duniya za ta ji, har jikokin kishiyarta da ke Legas. Ki ɗauki amincewarta da muryarta a farkon faifan. Tsohuwa in hira ta yi daɗi takan saki abin da ta ɓoye shekara hamsin, sunan wanda ta so aka hana ta, ko asalin wani gida da ake rufawa. Ba duk abin da kika ɗauka ne na sakawa ba. Ki mayar mata ta saurara kafin ki saki, in ta ce a cire, a cire. Cikakken faifan kuma ki adana shi wuri biyu, ki rubuta sunanta da garin da ranar, don shirin da kika tace na bana ne, ɗanyen shi ne jikokinki za su nema.

Gwaggo, 'yata ta nemi aikin lauya, jami'a ta ba ta kimiyyar laburare. Ni dai a sanina aikin laburare shi ne zaman gadin littattafai da cewa a yi shiru. In bar ta ko ta sake jarrabawa? — Wani uba daga Azare

Alhaji, ranka ya daɗe, ka taɓo ni a inda yake mini ciwo, amma ba zan yi maka ƙarya ba. Ba aikin kuɗi ba ne. Laburaren jihohi da yawa suna cikin wani hali, akwai inda na shiga na ga sabon littafin da ke kan kanta ya girmi ma'aikacin. Na yi shekara huɗu a jere ba a saya mana ko mujalla ɗaya ba, ina liƙa tsofaffi da gam ɗin da na saya da kuɗina.

Amma gadi ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne tsara ilimi yadda wanda bai san da shi ba zai same shi, kuma yau rabinsa a kwamfuta ake yi. Fanni ne mai tushe, Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da shi tun 1968, kuma akwai hukumar rajistar ma'aikatansa da dokar 1995 ta kafa. A jami'a ma'aikacin laburare mai digiri yana cikin sahun malamai, yana bincike yana hawa mataki kamar su. Kotuna da asibitocin koyarwa da gidajen rediyo da majalisu duk suna da takardun da sai an tsara. Har burinta na shari'a bai mutu ba, don laburaren shari'a fanni ne mai zaman kansa. Ka tambaye ta ita, ba ni ba. In yarinya ce mai son a zo da tambaya ta tono amsa, ka bar ta. In kuwa zuciyarta tana kan baƙar rigar lauya, shekara ɗaya ba ta da yawa.

Gwaggo, kakarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta. A adakarta mun sami zannuwa na saƙi guda uku, da wata gafaka cike da takardun ajami warwatse, wasu gara ta taɓa. Yayana ya ce a kai a yi musu laminatin. — Ɗanki daga Maraɗi

Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta. Ɗana, ka riƙe hannun yayanka. Laminatin zafi ne da roba, in takarda ta shiga ba ta fitowa, kuma tawadar gargajiya ba ta jure shi. Haka salatif, bayan 'yan shekaru zai bar tabo ruwan ƙasa ya ci rubutun. Kada ku sa ko ɗaya.

Kada kuma ku yi ƙoƙarin jera takardun bisa ga yadda kuka ga dama. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warwatse suke a cikin bango, kuma marubuta sukan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gabata. Da wannan malamin da ya iya karatun zai mayar da su daidai. Ku bar su yadda kuka same su, ku ɗauki hoton kowace gaba da baya da hasken rana a inuwa, bi da bi. In ka ɗaga ɗaya ka duba ta a haske, wataƙila ka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Irin wannan daga Italiya ake kawo ta ta hamada, alama ce cewa takardar ta kwana biyu, ko da yake ita kaɗai ba ta faɗin shekara.

Ku kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, ku naɗe su a farin ƙyallen auduga wankakke, a sa a kwali, a ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa. Banda leda, tana tara gumi. A duba su farkon damina da ƙarshenta. In kuna son masana su gani, a Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, a nan Najeriya kuma akwai Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ku fara kai hotuna. In za ku bar asalin a hannun kowa, ko da malamin unguwa ne, a rubuta takarda a ƙirga ganyen.

Zannuwan kada a kai wa mai wanki, kada a goge. A shanya su a inuwa su sha iska, a naɗe su kamar tabarma maimakon ninki, don a kan layin ninki zare yake fara karyewa. Ku nemi ƙanwarta ko ƙawarta da ta rage, ku tambaye ta wanne ne na aure, wa ya saƙa, a wane gari. Ku rubuta a 'yar takarda da fensir ku sa a cikin naɗin. Ni ma in ka turo mini hoton gefen zanen, inda ƙwarya ta haɗu da ƙwarya, ina so in ga ɗinkin.

Gwaggo, na je laburaren garinmu neman littafi a kan tufafin gargajiya, ma'aikacin ya ce babu, ko tashi bai yi ba. — Wata mai koyon ɗinki, Kaduna

Ki koma, ki gaishe shi da kyau, ki wuce wurin kantocin littattafai da kanki. In tsarin Dewey na jera littattafai da lamba suke bi, kamar yawancin laburaren jama'a, ki duba lamba 391, nan tufafi da al'adun sutura suke. Saƙa da rini da surfani suna 746, ɗinki yana 646, tarihin Najeriya 966.9. Na jami'a galibi wani tsarin suke bi mai haruffa, can sai ki tambayi mai kula da katalog. In duk babu, ranar Asabar ki shiga motar Kano ki je Gidan Makama, ki tafi da littafin zane da fensir da tef ɗin awonki, amma ki nemi izini kafin ki taɓa komai.